Matsalar fitsarin dattawa: a nemi likitan mafitsara tun da wuri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridar nan in taɓo ciwon da dattawanmu ke ɓoyewa saboda kunya. Mutum ya haura shekara 50, dare ya yi yana ta zarya banɗaki, in ya tsuguna sai ya yi ta yunƙuri fitsarin na ɗigowa. Sai a ce sanyi ne ko basir, a sayo masa jiƙo wurin masu lasifika a bakin kasuwa.

Mahaifina ya daɗe a wannan hali. Mai kemis ɗin unguwa ya yi ta ba shi ƙwayoyin sanyi, har ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, aka sa masa roba cikin dare. A nan ne wani ma'aikacin jinya ya ce mana: "Alhaji, ku kai Baba wurin likitan mafitsara, wannan ba aikin kowane likita ba ne." Ashe ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet, shi ne ya girma ya matse hanya.

Likitocin suna nan. A Kano akwai Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Shika, a Sakkwato akwai na Usmanu Ɗanfodiyo. A asibitin koyarwa akan nemi takardar turowa, don haka a karɓe ta tun daga asibitin farko, a riƙo duk sakamakon gwaji da hoto.

Amma samun likita daban, zaɓensa daban. Duk likitan tiyata na iya riƙe wuƙa, sai dai ba kowa ya ƙware a ƙoda da mafitsara ba. Ba rashin ladabi ba ne ka tambaya: wannan ne fanninka? In aiki ya kama, kai za ka yi da hannunka? Za a tsaga mara ne, ko ta hanyar fitsari za a bi da na'ura? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da jini da gado? Wanda ya duba Baba bai yi gaggawar aiki ba. Ya sa an yi gwajin jini na PSA, wato awon wani sinadari da furostet ke fitarwa, da hoton ciki, ya bayyana mana da Hausa cewa hauhawar PSA kaɗai ba ta tabbatar da ciwon daji, sannan ya fara da magani. Ni dai wanda ya yanke ranar tiyata da kuɗinta kafin gwaji, ba na komawa wurinsa.

Jini a fitsarin dattijo kuwa, kada a ce tsargiya ce a zauna.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilanku su binciko ranakun da likitocin nan ke ganin marasa lafiya ku buga, domin mutanen karkara na kashe kuɗin mota su tarar ba ranar ba ce.

Mai karatunku,
daga Gwale, Kano.