Godiya ga sashen tamowa na cibiyar lafiyar unguwarmu a Gadarif, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum.

Mu 'yan sa-kai masu ɗora tukunyar takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, muna miƙa godiya ga ma'aikatan wannan sashe, musamman sistar da ke karɓar yara da safe. Allah Ya saka mata da alheri.

Yaran da ake kai mata, wasu iyayensu sun baro ƙauye don girbin riɗi da dawa suka maƙale a gari, wasu kuma yaƙi ya koro su daga Wad Madani a Disamban 2023 ko daga Sinja a 2024. Galibinsu ba takardar haihuwa. A wasu wurare nan magana ke ƙarewa: uwa ta wuni a layi da goyo, a ce ta je ta kawo takarda, ta koma hannu rabbana.

Ita sista sai ta auna yaro kafin ta nemi komai. Tana ɗaura ma'aunin damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya. Sannan ta danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In gurbin ya zauna, kumburi ne, ko da ana ganin yaron kamar ya yi ƙiba. Sai ta yage ƙullin Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na maganin tamowa, ta zauna har ta ga ko zai ci. Wanda ya ƙi ci, asibiti za a kwantar da shi a fara masa F-75, madarar jinyar masu tamowa.

Ƙulli ɗaya giram 92 ne, kalori 500. Ba a dama shi cikin kunu ko ruwa, don yana saurin ɓaci. A ba yaro ya tsotsa, a bi shi da ruwa mai tsabta, mai shan nono kuma a fara ba shi nono. In mako ya zagayo nauyi bai motsa ba, yawanci an raba ƙullin ne da yayyensa. Nan ta fi burge mu. Ba ta yi wa uwa tsawa, sai ta aiko mana a sa gidan cikin masu karɓar adas (wani nau'in wake) da asida (tuwo), domin uwa ba za ta iya ciyar da ɗaya uku suna kallo ba.

Abin takaici, a wasu cibiyoyin sikeli a lalace yake, ana rubuta nauyi da ka, a ce ƙulli ya ƙare, gobe a gan shi a faifan masu talla a kasuwa.

Wassalam,
'Yan sa-kan takiyyar unguwa, Gadarif