Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Harkokin Teku: a bar wa jatan lande iri

Assalamu alaikum Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Gombe, kirefish nake sayarwa, wato busasshen ƙaramin jatan lande, da shi nake ci da iyalina shekara da shekaru. Nasan wani zai ce ina ruwan mutumin Gombe da maganar teku, to da ruwanmu wallahi, domin abin da aka kama a bakin tekun Akwa Ibom shi ke sauka a rumfata bayan kwana biyu uku a bayan mota, kuma tunda aka ɗauko sashen kula da kamun kifi daga ma'aikatar noma aka kawo shi ƙarƙashinka, ƙofarka ce ta kamata in ƙwanƙwasa.

Yallaɓai da idan na kwance bakin buhu ƙamshi ne ke fara tare ni, in zura hannu in ɗebo jajaye masu cika tafi. Yanzu sau da yawa abin da nake ɗebowa ƙanana ne ƙwarai, haɗe da gari da 'yan mitsi-mitsin kifi waɗanda basu kai rabin ɗan yatsa ba, sai mun zauna da yara mun tsince mun sheƙe kafin a auna. Tsada kam na yarda akwai hannun man fetur da kuɗin mota tun da aka cire tallafi a 2023, amma man fetur baya rage girman jatan lande.

Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa wajena duk sati, a asibiti aka ce ta riƙa haɗa wa ɗanta garin kunu da waken soya da gyaɗa da kirefish saboda ya rame. Da rabin mudu take saya, ta dawo gwangwanin madara, ran nan ta tsaya tana juya kuɗin hannunta tace "Alhaji ko a bani na ƙulli ɗaya." Na ƙara mata, amma abin ya tsaya min a rai har yau. A nan arewa kirefish ba kayan ƙawa bane, shi ne naman yaron talaka.

Na je Oron sarin kaya ba sau ɗaya ba, na zauna da masunta a bakin ruwa, kuma na ɗan bibiyi yadda halittar nan take rayuwa. Iri biyu muke magana. Akwai ƙaramin da ake busarwa a kawo mana, macen tana ɗauke da ƙwanta a ƙarƙashin ciki, idan ka kama ta ka kama ta da 'ya'yanta gaba ɗaya. Akwai kuma babban jatan landen da manyan jirage ke kamawa a daskarar a kai Turai a samo kuɗin waje. Shi wannan a cikin teku yake zuba ƙwai, mace ɗaya dubban ɗaruruwa, ruwa ya koro 'ya'yan zuwa bakin koguna su shige cikin dajin nan mai saiwoyi a cikin laka da ake ce wa mangurob, su yi 'yan watanni suna girma a ɓoye sannan su koma teku. Duka rayuwarsa shekara ɗaya zuwa biyu ce.

Kaga kenan jatan lande kamar gero yake, amfanin shekara ne. Wanda za a kama baɗi ɗan wanda aka bari bana ne. Kowane manomi a Kumo ko Bajoga yasan ko yunwa ta kai ina ba'a cinye iri, kuma ba'a girbe gero yana ɗanye. Abin da ke bani ƙarfin gwiwa ma shi ne saurin hayayyafarsa, idan aka ɗaga masa ƙafa ba sai an jira shekara ashirin ba kamar mai dasa kuka, cikin 'yan shekaru za'a ga canji.

Kuma doka akwai ta ranka ya daɗe, ba sabuwa muke roƙo ba. Tun 1992 aka yi dokar kamun kifi a teku, an hana manyan jirage jan taru a cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, wajen kilomita 9 kenan, don a bar wa masu kwale-kwale da ƙananan halittu wurin. An ce idon ragar jatan lande kar ya gaza milimita 44, ta kifi 76. An sa dole a saka ƙofar da kunkurun teku zai fice daga raga, wadda in babu ita Amurka bata karɓar kayan. To amma masuntan da na zauna dasu kukansu ɗaya, da dare jirage kan matso gaɓa su share komai har su yaga musu raga. Gaɓar tekunmu ta haura kilomita 800, dokar da babu jirgin sintiri a bayanta a takarda kawai zata tsaya.

Ban wanke ƙananan masunta ba, suma akwai masu raga mai ƙananan ido kamar rariya, mu kuma 'yan kasuwa muna saye, laifin har damu. Irin haka muke gani a gida, a madatsar Dadin Kowa zaka ga gidan sauron da aka raba don zazzaɓi an mai da shi koma ana kwashe 'ya'yan kifi. Alhali iyayenmu sun san maganin abin, sarkin ruwa kan rufe wani ɓangare na ruwa yace ba mai shiga sai lokaci yayi, kogin Matan Fada na Argungu ai haka ake yi shi yasa ranar bikin kamun kifi ake fito da giwan ruwa mai girman mutum. Ghana ma ta ɗauko wannan, tana rufe teku ga manyan jirage a watannin Yuli da Agusta.

Don Allah Yallaɓai ka ba cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas kuɗi da jirgi su riƙa auna yawan jatan lande duk shekara, su faɗa mana watan da ya fi ɗaukar ƙwai da inda ƙananan ke taruwa, a buga kowa ya gani, sannan lasisin jirage ya bi wannan lissafin ba lissafin wanda ya san wani ba. Idan za'a rufe ruwa a zauna da masunta da matan da ke busar da kayan tukuna, a tanadar musu abin da zasu ci a watan, in ba haka ba yunwa ce zata karya dokar tun daren farko.

Sai dajin mangurob na Neja Delta, wanda babu kamarsa a girma a Afirka. Malalar ɗanyen mai na kashe shi, ana sare shi don itacen busar da kifi, ga kuma wata kaba baƙuwa mai suna nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 tana cinye wurinsa. Ko an hana jirage kusantar gaɓa, in ɗakin renon ya rushe ba abin da zai koma teku.

Mu a namu ɓangaren, in gwamnati ta tsayar da girman da bai halatta a kama ƙasa da shi ba, a turo mana ma'aunin har Gombe. Ni zan fara mayar da buhun da bai cika ba, kuma zan yi wa abokan sana'ata magana.

Allah ya taimake ka, ya baka ikon sauke nauyi.

Naka,
Mai sayar da kirefish, babbar kasuwar Gombe