Bindigar maharbi a dajin gwamnati: a fayyace mana abin da doka ta ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana kan wani lamari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu mazauna bakin dajin Falgore. Tambayar ita ce, shin doka ta yarda mutum ya rataya bindiga a kafaɗa, ido na ganin ido, ya shiga dajin gwamnati? Duk wanda ka tambaya da amsarsa. Maharbi zai ce maka gado ne, kaka da kakanni. Ɗan sanda zai ce ina lasisi. Malamin daji zai ce shigar ma laifi ce. Soja kuwa idan ya hango bindiga daga nesa ba lallai ya tsaya tambaya ba. A tsakanin waɗannan amsoshi ake rasa rayuka.

Dokar makamai ta ƙasar nan tsohuwa ce, tun 1959 aka yi ta, kafin a ba mu 'yancin kai, kuma har yau da ita ake aiki. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, irin su AK-47 da sauran masu sarrafa kansu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su mai baki biyu da ake harbin tsuntsu da ita, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kashi na uku, wanda shi ne ya shafe mu, wato bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wasu su ce mata adaka, wasu harba-ka-ruga. Wannan doka ta bar ta a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha, shi ne zai iya fitar da umarni, da amincewar gwamna, ya ce ba mai riƙe ta sai da lasisi. Dokar ta kuma faɗi waɗanda ba a ba su lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda aka taɓa ɗaurewa kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Maƙerin da ke ƙera ta ma sai da izini.

Edita, ka lura da wannan kashi na uku da kyau. Tunda an jingina shi ga umarnin kowace jiha, hukuncin bindigar toka a Kano ba lallai ya zama shi ne hukuncinta a Kaduna ko Bauchi ba. Shi kuwa maharbi ba ya ganin iyakar jiha a cikin daji. Daga Falgore mutum zai bi sawun nama ya tsinci kansa a ƙasar Ningi, bai san ya bar Kano ba. Ban taɓa jin an karanta irin wannan umarni a rediyo da Hausa ba, ban kuma taɓa ganin an manna shi a ƙofar gidan dagaci ba. Ta yaya za a hukunta mutum da dokar da ba a taɓa karanta masa ba?

Lasisin bindiga kuma daban, izinin shiga daji daban, kuma nan ne mutanenmu da yawa ke kuskure. Dajin gwamnati ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan wuraren adana namun daji na tarayya, irin su Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, da na tafkin Kainji. Dokar 1999 da ta kafa hukumar kula da su ta hana shiga ba tare da izini ba, ta hana farauta, ta kuma hana shiga da makami. A can ko kana da lasisin Sufeto Janar a aljihu, idan ma'aikaci ya gan ka da bindiga ya kama ka, kuma yana kan gaskiya. Akwai gandun namun daji na jihohi, irin Yankari da ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006, inda dokar namun daji ta jiha ke aiki. Sai gandun daji na itatuwa, da sauran dawa da ba a killace ba, inda aka saba farauta da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Namu Falgore yana cikin dazuzzuka goma da Shugaba Buhari ya amince a 2020 a mayar da su na tarayya, ga kuma filin atisayen sojoji a cikinsa. Ka tambayi dattijon da ke Doguwa ko Tudun Wada wace doka ce ke aiki a kansa a yau, ka ji ko zai iya ba ka amsa. Babu allo a bakin daji, duwatsun iyaka na zamanin En'e kuwa sun nutse a ƙasa ko an tone su.

Kamar wannan ruɗani bai isa ba, sai maganganun shugabanni suka ƙara dagula shi. A watan Maris na 2021 Malam Garba Shehu, kakakin Shugaba Buhari a lokacin, ya sanar cewa Shugaban Ƙasa ya ba jami'an tsaro umarni su harbe duk wanda suka gani da AK-47 a daji. Na fahimci dalilin umarnin, domin a lokacin an sace ɗaliban Kagara da 'yan matan Jangebe, zukata sun yi zafi. Amma daga nisan taku ɗari biyu, cikin sabara da ƙurar hunturu, wa zai bambance bakin bindigar toka da na AK? Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 2022, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga domin kare kansu. Ba a kwana biyu ba rundunar 'yan sandan jihar ta ce an dakatar da bayar da lasisi, ga shi kuma tsarin mulki ya sa harkar makamai a hannun tarayya kaɗai. Gwamna ya ce ka ɗauka, kwamishina ya ce kar ka kuskura, talaka yana tsakiya.

Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 shi ne ya hana ni ci gaba da yin shiru. Maharba 16, mafi yawansu 'yan Toranke ta Ƙaramar Hukumar Bunkure, sun taso daga Jihar Ribas za su gida Sallah, cikin watan azumi. 'Yan banga suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin toka, suka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Aka yi musu kisan da baki ba ya iya faɗa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ko da bindigogin nan ba su da takarda ko ɗaya, hukuncinsu na kotu ne, babu dokar da ta ba taron jama'a ikon ɗaukar rai. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ya yi ta'aziyya, an gode. Amma ta'aziyya ba ta gyara abin da ya jawo musibar ba. Har yau maharbin da zai ratsa jihohi biyar da bindigarsa ba shi da wata takarda guda da kowane shinge ya sani, ya kuma yarda da ita. Katin ƙungiyar maharba yana da daraja a wurin 'yan ƙungiya, amma ba lasisin gwamnati ba ne.

Na karanta yadda ake yi a Amurka, kuma ina faɗa tun da wuri cewa ba na sha'awar yawan bindigoginsu, kashe-kashen da ake yi a makarantunsu sun ishe mu darasi. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka fayyace ƙa'ida. A dazuzzukan tarayyarsu, dokar jihar da dajin yake ita ke yanke ko mutum zai riƙe bindiga a fili. Hukumar dajin kuma ta hana harbi a ƙasa da yadi 150 daga gida ko sansanin masu kwana, ta hana harbi ya ƙetare hanya. A wuraren adana namun dajinsu, tun 2010 an yarda a shiga da bindiga idan dokar jihar ta yarda, amma a yawancinsu ba a farauta, ba a kuma shiga ginin hukuma da ita. Mutum na iya ƙin wannan tsari, amma ba zai ce bai san inda ya tsaya ba.

Kada a ɗauka ina wanke maharba ne gaba ɗaya. A cikinsu akwai masu cinna wa daji wuta don gafiya da zomo, akwai masu shiga gandun da suka san an hana, akwai waɗanda suka taɓa buɗe wa ma'aikatan daji wuta. Gwanki da barewa da iyayenmu ke ba mu labari sun yi ƙaranci, kuma da hannunmu a ciki. Farautar gayya da ake fita da ɗaruruwan samari da karnuka da adduna ta sha ƙarewa da faɗa da gawa. Akwai kuma ɓata-garin da ke fakewa da rigar maharba. Wannan duk gaskiya ne, shi ya sa ma nake neman a yi rajista, domin rajista ce za ta raba na ƙwarai da na banza. Kuma kada a manta, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, maharba na cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garin da waɗannan bindigogi na toka. Bai dace gwamnati ta neme su ranar wuya, ranar da suka fita neman abinci kuma ta bar su ba takardar kare kai ba.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Kwamishinan 'yan sanda na kowace jiha ya fito ya faɗi umarnin da ke aiki kan bindigar toka a jiharsa, a fassara shi da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a karanta a rediyo. A sauko da rajistar zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, domin maharbin ƙauye ba zai sayar da buhun masara ya yi ta zarya zuwa babban birni ba. Sarkin Baka da dagaci su tsaya wa mutum shaida, su suka san wanda ya gaji harbi da wanda ya tsince shi jiya. A buga wa kowace bindiga lamba, a ba mai ita kati mai hoto wanda ɗan sandan Lakwaja zai iya tantancewa kamar na Kano. Idan za a yi tafiya mai nisa a yanki takarda daga ofishin 'yan sanda, bindiga ta kasance ba ɗuri, a naɗe. Sannan a kafa alluna a mashigar kowane gandu, a rubuta ɓaro-ɓaro: nan ba a shiga da makami, nan ana farauta daga wata kaza zuwa wata kaza.

Gaggawar ta ƙaru ne saboda dajin ya cika da masu bindiga na hukuma. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, Shugaba Tinubu kuma ya amince a watan Mayu na 2025 a ɗauki dakarun tsaron daji masu makamai. Ina maraba da duk abin da zai kori 'yan bindiga daga Rugu da Kamuku da Kuyambana. Amma saurayin da aka ba horo na 'yan watanni aka tura daji, dole a gaya masa abin da zai yi idan ya haɗu da dattijo mai adaka da burgame, kuma dole dattijon ya kasance da abin da zai nuna masa.

Don haka, Edita, ina roƙon ka tura wakilinku ya sami kakakin rundunar 'yan sandan Kano, da jami'in hukumar kula da gandun daji, da lauya, da shugabannin maharba, ya tambaye su: wane umarni ne ke aiki kan bindigar toka a jihar nan, a wane ofishi ake yankar lasisinta, nawa ne kuɗinsa, kuma a wane ɓangaren Falgore ne aka hana shiga da ita? Idan kun buga amsar, mu za mu karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a majalisunmu kafin lokacin farauta ya kama.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Jihar Kano