Kowa na zagin matar, ba wanda ya tambaya ko mijin ya je asibiti

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili nima in tofa albarkacin bakina kan ƙagaggen labarin nan da kuka gama kawo mana kashi-kashi, na matar da ta shekara 9 gidan miji ba haihuwa har bashi ya yi masu katutu. Tun da aka kai ƙarshe wasiƙu ke ta shigowa shafinku, nan Katsina ma zancen kenan, gidan biki, gidan kitso, har cikin Napep sai ka ji mata biyu da ba su san juna ba suna musu kamar matar maƙwabciyarsu ce.

Na karanta wasiƙun da kuka buga kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba. Mazan da suka rubuto kusan bakinsu ɗaya, wai mace ce ta kashe gidanta da kanta tunda ta ci bashi ba da sanin miji ba, wani har da cewa ai da shi ne tun ranar da dillaliya ta zo ƙofar gida tana ɗaga murya zai ba ta takardarta. Matan kuma haushinsu marubuciya ta sa matar ta zauna, suna ganin kamata ya yi ta nemi khul'i ta kama gabanta. Sai wani dattijo da ya ce an zubar da kunya, irin wannan magana ta ɗaki ce ba ta jarida ba. Baba Allah ya ƙara girma, amma ai kunyar nan ita ce ta cinye sarƙar gwal ɗin yarinyar da gadonta da keken ɗinkinta.

Yo dan Allah masu cewa ta ci bashi, bashin me ta ci? Atamfa ta saya ko anko ta yi? Ku koma ku sake karantawa. Adashinta na farko wurin mai magani ya tafi, jarkar sassaƙe da hayaƙi. Na biyu sikanin da gwajin jini. Sarƙar da mahaifiyarta ta saya mata ta aure an jinginar da ita saboda wani malami ya ce sai an yanka rago an yi sauka, daga nan sai bashin dillaliya, daga nan sai bashin nan na waya da ake ci da ruwa wanda in ka makara kwana biyu sai su bi lambobin wayarka suna tura ma kowa saƙo har surukanka. Duk wanga kuɗi jikinta aka kashe su, ita aka yi ta dubawa ana juyawa ana ɗura mata abu mai ɗaci, shi kuwa maigidan a tsawon shekara 9 ko sau ɗaya bai taka ƙofar ɗakin gwaji ba. Da likita ta rubuta mashi takarda ninke ta ya yi ya sa aljihu ya ce shi lafiyarshi lau, babanshi ɗiya 17 ya bari. Kamar haihuwa gona ce da ake gado. Wannan wurin marubuciya ta rubuta shi a fili amma ban ga wasiƙa ɗaya da ta tsaya a kanshi ba, kowa ya tsallake ya tafi wurin dillaliya.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, shi ma fa ya ci bashi. Da Hajiyarshi ta matsa sai ya ƙara aure, kuɗin lefe da sadaki da gyaran ɗaki ina ya samo? Filinshi ya saida ya ƙara da rance wurin abokin kasuwarshi. Amarya ta shekara 2 ita ma shiru. Bashin miji sunanshi hidima, na mata sunanshi cin amana, haka masu wasiƙa suka yanke hukunci.

Ba labarin littafi kaɗai ba ne wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya na haɗuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarshi, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa duk kusan ɗaya. Likitoci kuma sun daɗe suna faɗa cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Namiji na iya zama ƙaƙƙarfa, yana biyan buƙatar iyali daidai, amma ƙwayoyin maniyyinshi sun yi kaɗan ko ba su motsi yadda ya kamata, kuma ido ba ya ganin wannan sai an sa a na'ura. Hangum in ya kama yaro bayan ya balaga yana iya sauka ga maraina, akwai kumburin jijiyoyin maraina, akwai ciwon sanyi da aka bari ya daɗe ba a yi maganinshi da kyau ba. Su mata kuma akwai toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, akwai ƙari a mahaifa, akwai rikicewar al'ada da ke hana ƙwai fitowa. Shawarar likitoci ita ce in an shekara ɗaya ana tare ba tsarin iyali kuma ba ciki to a je asibiti, in matar ta wuce 35 wata 6 ma ya isa. A je su biyu, ba a turo ta ita da ƙanwar miji ba.

Kuma gwajin maniyyi yana cikin mafi sauƙi da arha a duk gwaje-gwajen nan, ba allura ba yanka, kwalba ce za a ba mutum ya kawo a duba. Ga asibitin koyarwa na tarayya nan cikin gari, wanda muka saba ce ma Medikal Santa, ga asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, ba sai an je Kano ko Zariya ba kafin a fara bincike. Amma sai a bar mai arha a kama mai tsada saboda kar a ce. Ai mun karɓi gwajin jinin sikila da na ƙanjamau kafin ɗaurin aure, da farko ana ta ƙunƙuni yanzu ya zama jiki, to me ya sa wannan ya gagara?

Masu cewa ai da sun je an yi masu dashen nan na IVF, wanda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa cikin mahaifa, an huta, halan ba su san kuɗinshi ba. Tun 1978 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila, kuma ana yi a Najeriya, amma zagaye ɗaya miliyoyin naira ne kuma ba tabbas zai kama a karon farko. Ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, bayan cire tallafin mai a 2023 da ya sa buhun masara da kuɗin mota suka haukace, wane malamin firamare ne zai tunkari wannan in ba wani sabon bashin ba.

Akwai wata da ta rubuto ta ce matar ba ta da tawakkali, ta manta Allah ke bayarwa. Yar uwa ba wanda ya musa. Cikin Suratus Shura Allah ya ce yana ba wanda ya so ɗiya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa mashi, kuma yana sanya wanda ya so bakarare. Ayar ba ta ware mace ba. To me ya sa a garin nan mace kaɗai ake ce ma juya, ita kaɗai ake yi ma habaici ranar suna, ita ake ce ma tana cika masai ba ta cika gida ba? Wadda ake gasa ma irin wannan magana safe da yamma har shekara 9, in ta ruga wurin mai magani da kuɗin aro ni ban ga rashin tawakkali ba, na ga wadda aka kai bango. In ma addinin za mu bi, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani ta bashi ce, Baƙara 282, a rubuta a sa shaidu. A gidan nan ba wanda ya rubuta komai, miji na ɓoye nashi mata na ɓoye nata, Hajiya na tsakiya tana zuga.

Ni inda nake da ƙorafi da marubuciya daban ne. Ba zaman matar ya dame ni ba, mata da yawa na zama kuma suna da dalilinsu, wata iyayenta sun rasu, wata son mijin take tsakani da Allah. Abin da ya dame ni yadda aka share bashin a shafi biyu, wai wani kawu ya dawo daga Saudiyya ya biya duka. Haba. Mu nan mun san yadda ake ƙarewa, gaban alƙali ko gaban mai unguwa, a kwashe kujeru da firij a idon maƙwabta. Da ta bar mu da bashin nan a wuyansu da labarin ya fi kama da gaskiya, ko da masu son ƙarshe mai daɗi za su yi fushi.

Edita roƙona ku nemo likitan mata da na mafitsara su yi mana bayani a shafin lafiya da Hausa mai sauƙi, a faɗi yadda ake gwajin da inda ake yi da abin da ake biya, don mazan da ba za su iya tambaya da bakinsu ba su karanta a ɓoye. Kuma dan Allah kar a yanke mani wurin da na yi maganar takardar da ya sa aljihu.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Marusa, Katsina