Sauƙin da ke zuwa daga yarda da magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda mutanenmu a Katsina ke fifita allura a kan ƙwaya, abin da a ganina yake da nasaba da yardar da suka yi da allurar. Likitoci sun daɗe da sanin cewa majiyyaci yakan ji sauƙi bayan shan ƙwayar sukari zalla, ko allurar ruwan gishiri, muddin ya sakankance magani aka ba shi. A 1978 masu bincike a Amurka sun nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke sakin sinadaran rage zafi, domin waɗanda aka cire wa haƙori suka kuma ji sauƙi da maganin bogi irin wannan, da aka ba su maganin naloxone, mai toshe aikin sinadaran, sai sauƙin ya ragu. Sai dai wannan yarda raɗaɗi take sassautawa, ba ta kashe ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, don haka mai zazzaɓi ya fara da gwajin jini.

Wassalam,
Mai karatunku daga Ƙofar Soro, Katsina