Tamowa a Sakkwato: a gyara kanta, wa'azi ya isa haka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan tamowa a jihar Sakkwato, kuma kamar kullum an rufe shi da kiran a ƙara wayar da kan jama'a. Ni mai shago ne a Mabera, na shekara da shekaru ina kallon abin da hannun mutane ke ɗauka, don haka a ba ni dama in sa baki. Wace uwa ce a garin nan ba ta san wake da ƙwai da zogale suna gina jikin yaro ba? An faɗa a rediyo, an faɗa wajen awo, an faɗa har kunne ya gaji.

Ga abin da na gani da idona. Yaro ya shigo da kuɗin tara, hannunsa kan abin da ke daidai idonsa yake sauka. Bara sai na mayar da alewa da biskit can saman kanta, na sauko da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da dabino ƙasa. Ban yi wa kowa huɗuba ba, wanda ya ce alewa yake so na miƙo masa. Amma yawancinsu ba sa ɗaga kai ma, robar gyaɗa ce ke fara ƙarewa. Ribar alewa ta fi, ba zan ɓoye ba, har uwargida ta ce na zama likitan da ba a biya.

Ɗiyar ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta yi dariya, ta ce: "Baba, ai wannan fanni ne guda a ilimin tattalin arziki." Masu shi sun lura mutum bai cika zama ya yi lissafi ba, sauƙi da sabo da abin da maƙwabta ke yi su ke jansa, don haka ɗan zunguri kan yi aikin da doguwar lacca ta kasa. Richard Thaler na Amurka ya ci kyautar Nobel a kan haka a 2017, gwamnatin Birtaniya kuwa tun 2010 ta buɗe ofishi musamman don wannan aiki.

Mu ma ai mun taɓa yi. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri, a 2002 aka wajabta bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Babu matar da aka ce ta sauya miyarta, gishirin da ta saba saye shi ne ya zama rigakafin maƙoƙo. To kwatanta da harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da aka sa a dokar kuɗi ta 2021. Naira biyar ke nan a robar rabin lita, a zamanin da ko canjinta ba a samu. Har yau ban ga wanda ya fasa sha saboda ita ba. Ƙasar Chile a 2016 baƙin tambari ta sa a goshin duk ledar da sukari ko gishiri ya yi wa yawa, wanda ko mara karatu zai gane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokaci. A Kenya an gwada sayar wa manoma taki tun da kaka, sa'ad da kuɗi ke aljihu, maimakon a jira damina, sai masu sa taki suka ƙaru. Mu nan da kaka ake kwashe wake da gyaɗa a kai kasuwa, kuɗin ya tafi biki da sutura, zuwa watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, yaro sai kunun gero tsura. Me zai hana a shirya adashen garin kunu, na gero da waken soya da gyaɗa, a biya da kaka a riƙa karɓa da damina? A kuma ƙulla shi ƙanana-ƙanana a ajiye wajen mai shayi da shagunan bakin layi, domin maigida ne ke riƙe da kuɗin cefane, kuma shi ba ya zuwa awo. Igiyar nan ta auna damtsen yaro, mai ja da rawaya da kore, a bar wa kowace uwa tata a ɗaki. Ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, a garzaya asibiti.

Sai dai kada hukuma ta fake da wannan don yana da araha. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Isa ko Sabon Birni ba jera masa kanta yake buƙata ba, hatsi da tsaro yake jira. Zungurin na masu ɗan abin hannu ne, irin waɗanda ke shigowa shagona. Ina roƙon ku tura wakilinku ya tambayi masu tsara shirin abinci na jiha ko sun taɓa zama da masu shaguna da 'yan shayi. Ni dai ina Mabera, bayan la'asar ba na fita.

Naku,
Wani mai shago,
Mabera, Sakkwato