Mai Sharhinku Bai Yi Wa Fim Ɗin Mars Attacks! Adalci Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin barkwancin da marubucinku ya yi a kan fim ɗin Mars Attacks!, wanda Tim Burton ya ba da umarninsa a shekarar 1996, kuma ko da yake na sha dariya, ina ganin bai yi wa fim ɗin adalci ba.

Babban ƙorafinsa shi ne an tara manyan jarumai irin su Jack Nicholson da Glenn Close da Michael J. Fox, sannan aka bari halittun duniyar Mars suka hallaka su ba tare da wani ya nuna bajinta ba. To ai nan ne gizo yake saƙar, domin da gangan aka yi hakan, don a yi wa finafinan Amurka shaguɓe, waɗanda a cikinsu shugaban ƙasa da sojoji ke ceton duniya, kamar Independence Day da ya fito a farkon watan Yulin shekarar. Nicholson ma fitowa biyu ya yi, shugaban Amurka da ɗan kasuwar Las Vegas, kuma duka biyun ba su tsira ba. Abin da ya gagari makaman nukiliya, faifan waƙar mawaƙin Amurka Slim Whitman na wata tsohuwa ne ya yi maganinsa, don da jin muryar sai kawunan baƙin su fashe.

Inda na yarda da shi kawai shi ne ɓangaren Las Vegas ya yi tsawo.

Naku,
Mai karatu daga Kano